Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Kunna Kanta In Wuta Ta Dawo

Da yawa daga cikinmu a nan Gadarif yanzu a kwamfuta muke ajiye lissafi: shanu nawa aka shigo da su, wa ya ɗauka bashi, la'adar wa ba a biya ba. Wasu kuma sun haɗa ta da kyamara don ta riƙa lura da garke da dare. To amma wutar lantarki ba ta da alkawari. Ko da yake an buɗe madatsar ruwa ta Atbara da Setit a 2017, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula lamarin. A Janairun 2025 ma, harin da aka kai wa tashar wuta ta Shawak ya jefa Gadarif da Kasala cikin duhu.

Abin da ke ba mutane haushi shi ne, wuta za ta dawo, fanka ta juya, firiji ya tashi, amma kwamfuta tana nan shiru sai wani ya zo ya danna mata maɓalli. In tsakar dare ne, kyamara ba ta ɗauki komai ba ke nan har gari ya waye, ɓarawo kuwa ba ya jiran asuba.

Dalili kuwa, kwamfutocin da can makunninsu kamar na fitila ne, in ka bar shi a kunne yana nan a kunne. Daga 1995, da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, sai maɓallin ya koma ɗan aike kawai, yana gaya wa allon cikin na'ura ta tashi. Shi wannan allo ana iya ba shi umurni tun da wuri, a wurin da ake kira BIOS.

Ga yadda ake yi. Kunna kwamfuta, kafin Windows ta bayyana ka yi ta danna maɓallin shiga: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo ta tebur, Delete a akasarin waɗanda aka harhaɗa a shago. Nemi sashen da aka rubuta Power. A ciki za ka ga AC Recovery, ko After Power Loss, ko Restore on AC Power Loss. Duk abu ɗaya ne. Zaɓi uku ne a gabanka. Power Off na nufin ta zauna a kashe. Power On na nufin da zarar wuta ta zo ta tashi. Last State kuwa, ta koma yadda wuta ta bar ta: in tana aiki ta tashi, in kai ka kashe ta da hannunka ta ci gaba da barcinta. Ta kyamara a ba ta Power On, ta ofis Last State ya fi dacewa da ita. Ka adana kafin ka fita, kada ka taɓa wani abu da ba ka sani ba a wurin.

Gwaji ba wuya. In Power On ka zaɓa, kashe ta yadda aka saba, zare waya daga bango, jira rabin minti, ka mayar. In ta tashi, shi ke nan. In bayan kwana biyu ta manta, agogonta ma ya rikice, to ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. A canza shi, a sake ba ta umurnin.

Saura gargaɗi uku. Na farko, wuta kan dawo da ƙarfi ko ta yi ta ƙiftawa, musamman lokacin da ake sauyawa zuwa janareta, wannan kuwa shi ke ƙona kaya. A sa mata abin kariya irin na firiji, mai jinkirta wuta na 'yan mintoci. Na biyu, kwamfuta za ta tashi amma ta tsaya tana jiran kalmar sirri. Ana iya cire wannan shinge a ta kyamara, amma ban da wadda ke ɗauke da basussukan mutane, don duk wanda ya shigo zai karanta.

Na uku shi ne babba. Wannan dabara tana ta da kwamfuta ne kurum, ba ta dawo da abin da ba a adana ba. In an ɗauke wuta kana cikin shigar da cinikin bijimi goma, ya tafi. Maganinsa UPS, akwatin batir da ke ba ka 'yan mintoci ka adana ka kashe. Sannan kowace ranar kasuwa a kwafe lissafi a filashi, a kuma bar littafin rasit yana aikinsa, domin ranar gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, takarda mai sa hannun shaidu ita ke raba faɗa.

Wanda ya ji hannunsa na rawa ya kai wa mai gyara, aikin minti biyar ne. Allah ya tsare mana dukiya, ya ba ƙasa lafiya, amin.