Kik Ya Ƙi Aiki: A Gyara Ko A Sayo Na Beljiyam?

Tun da kayan mota suka yi tsada, wata magana ta zauna a bakin direbobi: wai kik ɗin da aka taɓa kwancewa ya gama yawo, gara a nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko na Beljiyam. Maganar nan tana ci min tuwo a ƙwarya. Shi na Beljiyam ɗin daga jikin wata tsohuwar mota aka ciro shi, kuma ba wanda ya san sau nawa ya tayar da inji cikin sanyin Turai kafin ya iso hannunmu.

A 'yan daƙiƙun da yake aiki, kik yana jan wutar da ta haura amfiya 100 daga batir mai bolt 12. Wutar nan ta buroshi take bi, wasu 'yan gawayi, galibi huɗu, masu gogar amacha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin kik ɗin. Dama don su cinye aka yi su, kamar dunduniyar takalmi, kamar igiyar guga. Wa ke yar da guga don igiya ta tsinke? Ɗan riwaya zai kwance, ya sa sabbin buroshi, ya goge inda suke gogawa, ya duba bakin jan ƙarfen sulunoid da wuta ke ci, shi ke nan.

Sau da yawa ma kik ba shi da laifi. In ka murza makulli ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" a jere, duba batir tukuna, ko farin garin nan da ke taruwa a kansa.

Inda gyara ya zama ɓarnar kuɗi shi ne in amacha ta ƙone: waya ta yi baƙi, ƙauri na tashi. Mu ne kuwa ke jawo hakan. Mota ta ƙi tashi don mai ba ya zuwa, direba ya danne makulli minti guda cur, alhali bai kamata a wuce daƙiƙa 15 ba tare da an bar kik ya huce ba. Sai yaron mota ya zo da sifana yana kwankwatsarsa, bai san da yawa daga na yanzu maganaɗisu ne a ciki mai saurin fashewa ba.

In saye ya zama dole, kada gwajin bakin shago ya ruɗe ka. Mai kaya zai jona shi da batir a ƙasa, ya juya fir, ya ce "Alhaji, ka ji lafiyarsa." Ai ba nauyin inji a kansa. Ka ce sai an ɗaura a mota, ta tashi sau uku, sannan a yi maganar kuɗi.