Wutar gida da lokacin guguwa: a yi gyara tun hadari bai taso ba

Ƴan'uwa masu karatu, kowa ya san yadda hadarin damana yake tasowa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta zo da ƙura, ta yaye kwanon ɗaki, ta karya rassan itace, sa'annan ruwa ya biyo baya. A irin wannan dare ne wayar lantarki take tsinkewa, ruwa kuma ya shiga inda bai kamata ba. Wutar da ke ba mu haske da ruwan sanyi takan zama ajalin mutum ko na dabba. Saboda haka a wannan karo za mu yi bayanin yadda ake shirya wutar gida kafin lokacin iska da ruwa. Za mu fara da labarin mutanen da suka fi mu shan wannan wahala, don akwai dangantaka tsakanin guguwarsu da hadarinmu.

Inda hadarinmu yake zuwa

Hadarin da ke ratsa Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai yana tafiya ne tare da wata babbar iska mai zuwa daga gabas ta nufi yamma, kusan duk bayan kwana 3 zuwa 5 a cikin damana. Wannan iska takan fita ta gaɓar Senegal da Gine, ta faɗa tekun Atlantika. Idan ta tarar da ruwan teku mai ɗumi, wanda ya kai digiri 26 ko fiye, wani lokaci sai ta shiga juyawa tana ƙara ƙarfi. In gudunta ya kai kilometir 119 a awa guda, ta zama mahaukaciyar guguwa. Mafi yawan manyan guguwar da ke afka wa Haiti, Kuba da jihohin kudu na ƙasar Amurka daga nan suke samo asali.

A can, lokacin guguwa sananne ne kamar yadda damana take a wurinmu. Yana farawa ran 1 ga Yuni, ya ƙare ran 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba.

A watan Oktoba na 2012, guguwar da aka sa wa suna Sandy ta tura ruwan teku cikin wata unguwa ta birnin New York. Ruwan ya taɓa kayan wutar wani gida, gobara ta tashi, gidaje fiye da 100 suka ƙone alhali suna tsakiyar ruwa. A watan Satumba na 2017, guguwar Maria ta kayar da wayoyin tsibirin Puerto Rico, mutum fiye da miliyan 3 suka kwana cikin duhu, wasu sai da suka yi kusan wata 11 babu wuta. A watan Agusta na 2020, a jihar Louisiana, mutane da dama sun tsira daga guguwar Laura, amma hayaƙin injin wuta ya kashe su a cikin gidajensu bayan iska ta lafa.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da teku, irin wannan guguwa ba ta iso mana. Amma muna da iska mai ƙarfi, muna da tsawa, muna da ambaliya. A 2020 kogin Isa ya fasa shinge ya shiga unguwannin Yamai. A damanar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar. Abin da mutanen can suka koya zai amfane mu.

Aikin da za a yi tun da rani

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da maigida zai duba kafin ruwan farko:

1. Ku san babban makashin wutar gidanku. Yana kusa da kontar, wato akwatin da ke ƙidayar wutar da aka sha, ana ce masa dizontar. Maigida, uwargida da duk wani babban yaro su san inda yake da yadda ake kashe shi, ko cikin duhu. Kada a tara kaya a gabansa.

2. Ku kira mai gyaran wuta wanda ya koyi aikin, ya bi wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya. Zafin rani yana busar da fatar waya har ta tsattsage, ɓera kuma yana cin ta. Duk inda aka haɗa waya biyu aka naɗe da leda, a sake shi. Leda ba ta hana ruwa shiga.

3. Ku duba inda waya ta ratsa kwano. Bakin kwano yana da kaifi. In iska tana kaɗa wayar, sai ya yanke fatarta, rufin duka ya ɗauki wuta, har ƙofar ƙarfe da wayar shanya da aka ɗaura a jikinsa.

4. Ku ɗaga kayan wuta sama. A ƙasashen guguwa ana ba da shawara a ɗaga wuraren jona wuta na bango aƙalla santimetir 30 sama da inda ruwa zai iya kaiwa. Alamar ruwan bara tana nan a jikin bangonku, ita ce ma'auninku. Firigo, batir na wutar rana da injin niƙa a ɗora su bisa dakali ko bulo.

5. Ku roƙi mai gyara ya sa sandar ƙarfe a ƙasa, wadda ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Ya kuma sa ƙaramin dizontar mai lamba 30 mA. Shi wannan yana yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum. Yana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi sau ɗaya a wata.

6. A sassabe rassan dogon yaro da suka sunkuyo bisa wayar gida, bayan an kashe wuta. In reshen yana taɓa babbar wayar titi, kada kowa ya hau. Wannan aikin ma'aikatan Nigelec ne, a sanar da su.

7. Mai faifan wutar rana ya ɗaure shi da ƙusa da ƙarfe. Dutse ko bulo da aka danne shi da su ba za su tsaya wa iska ba.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata a bari, ta jan wuta daga gidan maƙwabci da siririyar waya a bisa katanga ko a cikin ƙasa. Da rani ba a ganin illarta. Ranar da ruwa ya kwanta a kanta, yaron da ya fito ba takalmi shi ne zai fara takawa.

Idan hadari ya taso

Ku cire tele, rediyo, firigo da salular da ke caji daga bango, ku cire wayar eriya. Tsawa tana iya faɗa wa layi a nesa, ƙarfinta ya biyo waya ya ƙone kayan. Ku aje cocila wurin da kowa ya sani. Firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4.

In kun ga ruwa zai shigo ɗaki, ku kashe dizontar tun ƙafarku tana bisa busasshiyar ƙasa, hannunku kuma a bushe. In ruwa ya riga ya kai wurin, kada ku shiga don kashewa. Ku fitar da iyali, ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Bayan ruwa ya ɗauke

A nan ne aka fi yin sakaci. Duk wayar da ta faɗi ƙasa, ku ɗauka tana da wuta, ko da unguwa tana cikin duhu. Ku nisance ta da metir 10, ku tsare yara, ku sanar da hukuma. Ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗaukar wuta. Saniya, doki da jaki sun fi mutum shiga haɗari, domin tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya tana sa wutar ta ratsa jikinsu. Don haka kada a ɗaure dabba a jikin falwaya ko wayar da ke riƙe da ita.

Gidan da ruwa ya shiga, kada a maida masa wuta sai mai gyara ya duba. Laka da danshi suna zama cikin kayan wuta kwana da kwanaki, ko da waje ya bushe.

Injin wuta, wanda ake ce wa gurup, yana fidda wata iska mai guba. Ba ta da wari, ba a ganinta. Tana farawa da ciwon kai, jiri da amai, sa'annan barci, mutum ya wuce bai farka ba. Kada a tada shi cikin ɗaki, shago ko zaure, ko da ƙofa tana buɗe. A aje shi waje ƙarƙashin rumfa, metir 6 daga ƙofa da taga. Kada kuma a jona shi da wayoyin gida sai mai gyara ya sa makunnin da ke raba gida da layin gari. In ba haka ba, wutarsa tana komawa titi ta kashe ma'aikacin da ke gyara bisa falwaya.

Idan wuta ta kama mutum

Kada ku taɓa shi da hannu, za ta haɗa da ku. Ku kashe dizontar. In ba hali, kuma wayar ta cikin gida ce, ku tsaya bisa busasshen katako ku ture ta da busasshiyar sanda. In babbar wayar titi ce, sanda ba ta kare kowa, sai an yanke wutar. Bayan an raba shi da ita, a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, domin wuta tana taɓa zuciya ba tare da an ga rauni a waje ba.

Ƴan'uwa, kuɗin ƴar waya da ladan mai gyara ba su kai ran mutum ɗaya ba. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa, a kuma tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu.