Yaron Shago Ko Mai Taimako Ta Waya: Wanne Ya Fi Wa Ɗan Kasuwar Maraɗi?

A unguwar Sabon Gari ta birnin Maraɗi, duk wanda Allah Ya buɗa wa kasuwa ya san ranar da hannu biyu ke kasawa. Ga mai saye a bakin shago, ga waya tana ƙara, ga direba yana jira a tasha, littafin bashi kuwa kwana uku ba a buɗe shi ba.

A da, maganin abin ɗaya ne: a ɗauko yaro daga dangi ko daga ƙauye. Yanzu wata hanya ta ɓullo, wato mai taimako daga nesa. Matashi ne mai boko, yana zaune gidansu da wayarsa, shi ke ɗora hotunan kaya a WhatsApp, ya amsa masu tambayar farashi, ya rubuta shige da fice, ya tuna wa masu bashi. Ana biyansa gwargwadon aikin da ya yi.

To, mu fara da batun kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, kuma doka ta ce a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS. Mun sani a kasuwa ba kowa ke bin wannan ba, amma Hajiya ki lissafa abincin yaro, da makwanci, da magani, da kayan Sallah, za ki ga ba arha ba ne. Na nesa ba ya cin tuwonki, kuma watan da ciniki ya ja baya, sai ki rage masa aiki ba tare da an ɓata da iyayen kowa ba.

Sai dai waya ba ta ɗaukar buhu. Mai sarin zogale daga lambunan Jiratawa tana buƙatar wanda zai je da sassafe ya gani da idonsa, ya taya, ya kawo kafin ganye ya yi yaushi. Haka mai kai kaya Tibiri. Hoto kuwa ba ya nuna ƙwari a cikin wake. Kada kuma mu manta da Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka kuma rufe iyaka. Wayar da ba caji ba ta yi wa kowa aiki.

Inda muka fi jin tsoro shi ne amana. Yaron shago an san gidansu, in ya yi ɓarna akwai wanda za a kai wa ƙara. Wanda ke amsa saƙonni daga nesa kuwa, lambobin abokan cinikinka duka suna hannunsa, gobe yana iya komawa wajen maƙwabcinka da su. Shawararmu, layin da ake ciniki da shi ya zama da sunanka, kuɗi su shigo hannunka kai tsaye, lambar sirri kuma kada ta fita bakinka.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Da yawa daga alhazan Maraɗi yaran shago ne a da, iyayen gidansu suka yaye su da jari bayan shekaru. Alhaji, in kana neman wanda zai riƙe maka shago na biyu nan da shekara biyar, sai ka zaunar da shi kusa da kai tun yanzu.