Ba kowace ƙara ce ta giyabos ba

A garejin Kazaure, da zarar Hilux ta fara gurnani a ƙasa ko kujera ta kama rawa, hukunci ɗaya ake yankewa: giyabos ya mutu, a sauke shi. Sau da yawa kuwa giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau. Laifin na wanda ya zare sifirin don motar ta kwanta ta yi kyau ne, ko wanda ya danƙara mata buhunan gero daga Babura har gindinta ya zauna.

Farfelar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya tana da kuros a kowane ƙarshe. Kuros idan ya karkata ba ya juyawa daidai: a kowane zagaye sau 2 yake sauri, sau 2 yake jinkiri, kamar tafiyar mai ɗingishi. Masu ƙera mota sun daidaita karkatar kuros na gaba da na baya don ɗaya ya shafe ɗingishin ɗaya. Ka sauke motar, ka ɓata wannan lissafi. Shi ya sa girgizar ke tasowa idan an taka totur, ta lafa idan an ɗaga ƙafa, kuma a mazauni ake jinta.

Sauran ƙararrakin ba su da wuyar rarrabewa. Sitiyari na rawa wajen gudun 80 zuwa 100, a duba balansin taya. Gurnanin da ke sauya murya idan an sha kwana, boris ɗin taya ne. Ƙas-ƙas lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, shaf ɗin gaba ne, galibi robarsa ta yage yashi ya shiga.

Akwai kuma sakaci. Direba ya sa 4H, wato giyar da ke jan tayoyi huɗu, a burjin Roni ko Gwiwa, ya hau kwaltar Kano zuwa Daura bai cire ba. Yawancin Hilux ba su da abin da ke raba gudu tsakanin tayoyin gaba da na baya, don haka a kan kwalta ƙarafan ke ta murɗe juna. 

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, bakanike ya shiga ƙarƙashi ya girgiza farfelar da hannu. Idan ta yi lako-lako, ko ya ga jan tsatsa kamar gari a bakin kuros, giris ya daɗe bai shiga wurin ba, kuma kuros ɗin za a canja.