Idan A-Kori-Kura Tana Juya Inji Amma Ta Ƙi Tashi

Manoman kayan lambu da ke ƙauyukan bayan Mpape, a Ƙaramar Hukumar Bwari ta Abuja, sun dogara ƙwarai da tsofaffin motocin a-kori-kura wajen kai amfanin gona kasuwannin Wuse da Utako da Garki. Wasunsu Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, sai kuma tsofaffin Toyota Hilux masu shan gas. Tumatir da alayyafo ba sa jiran bakanike. Idan ka yi lodi da asuba mota ta ƙi tashi, kafin azahar kayan sun fara yaushi, farashi kuma ya faɗi. Wannan bayani zai taimaka maka, kai manomi ko malamin gona, ka gano inda matsalar take kafin ka kashe kuɗi.

Da farko ka saurari injin

Idan ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai, ko injin yana juyawa da ƙyar, wannan matsalar batir ce ko kan batir da ya yi tsatsa. Abin da muke magana a kai daban ne: injin yana juyawa da ƙarfinsa, amma bai kama ba. A nan, ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ne ya yanke: wuta, ko mai, ko iska, ko matsi a cikin silinda. Kada ka murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda, kuma ka huta kamar rabin minti kafin ka sake. Direbobi da yawa suna kashe lafiyayyen batir a kan matsalar da ba tasa ba.

Haka nan kada gangaren Mpape ya ruɗe ka ka ce a tura. Motar da kik ɗinta ke juya inji sosai, turi ba zai ƙara mata komai ba. Kuma idan inji ba ya aiki, birki yana yin tauri bayan taku biyu ko uku. Mota ɗauke da kwandunan tumatir a kan irin wannan gangare, da birki mai tauri, haɗari ne babba.

Wuta

A motar fetur, fara da wuta domin gwajinta ba ya cin ko kwabo. Sa giya a firi, ja birkin hannu, ka sa dutse a taya. Cire fulogi ɗaya, mayar da shi kan wayarsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji, wani ya murɗa makulli. Riƙe wayar da filaya mai roba a hannu. Idan ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙara, wuta lafiya. Idan ja ne mai rauni, ko babu sam, buɗe murfin distirbita ka duba ko akwai laima ko tsagewa, musamman da damina. A Peugeot 504, kwantak ne ya fi kawo wannan cikas. Goge bakinsa, ka tabbata yana buɗewa kimanin milimita 0.4 lokacin da injin ke juyawa. Duba fiyus da wayar kwayil. Idan za ka cire wayoyin fulogi duka, yi musu alama tukuna, domin jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma musanya biyu kawai ya isa ya hana mota tashi.

Fulogin da ka cire shi ma yana ba da labari. Idan ya jiƙe da fetur yana wari, mai ya yi yawa, galibi saboda yawan taka totur ko barin cok a ja. Busar da fulogan, taka totur har ƙasa ka riƙe shi, sannan ka murɗa makulli. Idan kuwa a bushe yake ƙayau bayan an daɗe ana juya inji, mai ba ya isowa.

Mai da iska

A ganina, a yanki irin Mpape nan ne ya kamata a fi zargi. Ƙurar wuraren fasa dutse da ta manyan tifofi tana toshe matatar iska da wuri fiye da yadda littafin mota ya tsara, balle a lokacin hunturu. Cire matatar ka ɗaga ta ga rana. Idan haske bai ratsa ba, kakkaɓe ta a hankali, ka sayi sabuwa a ranar. Kada ka yi tafiya babu ita ko da ta yini ɗaya ce, domin ƙurar dutse tana cinye ringi da silinda kamar sanfefa.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, masu mota da yawa suna sayen lita kaɗan-kaɗan, tanki kullum a ƙasa. Wannan yana jawo illa biyu. Famfon mai yana zuƙo dattin da ya kwanta a gindin tanki, sannan idan aka ajiye mota a kan tudu ta karkace, ɗan man da ya rage yana iya gudu daga bakin bututu. Sau da yawa lita 5 da daidaita motar a wuri shimfiɗaɗɗe sun isa. Idan ba su isa ba, cire tiyon da ke shiga kafireta, sa bakinsa a cikin farar kwalba, a juya inji na daƙiƙa 5, nesa da wuta da taba. Mai ya kamata ya fito da ƙarfi, tsil-tsil. Idan bai fito ba, matatar mai ce ko famfo. Ajiye kwalbar na ɗan lokaci: ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Man 'yan bumburutu da jarkokin da aka bari a buɗe da damina su ne suka fi kawo shi. Ko na gidan mai ma ba kullum yake da tsabta ba. A watan Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol wanda ya jawo dogayen layuka a Abuja da Legas. Kada ka zuba fetur a bakin kafireta ana juya inji, wuta na iya dawowa ta kama fuskarka.

Motar gas ba ta da fulogin tartsatsi. Da sanyin asuba, jira fitilar hita ta mutu kafin ka murɗa. Idan farin hayaƙi yana fita ta salansa amma ba ta kama ba, gas yana isowa, hita ce ake zargi. Idan babu hayaƙi sam, iska ta shiga layin mai, musamman in tanki ya taɓa ƙarewa. Tsiyaye ruwan da ke gindin matatar gas, sannan ka danna ɗan famfon hannu da ke kanta har ya yi tauri. Kada ka kai hannu kusa da bututun nozul ana juya inji, ƙarfin gas ɗin yana huda fata.

Inda za ka tsaya

Idan wuta da mai da iska duk lafiya, saura matsi. Alamarsa ita ce injin yana juyawa da sauri fiye da kullum, kamar babu nauyi. A Hilux mai gas, wannan na iya nufin bel ɗin taimin ya tsinke, kuma ci gaba da juyawa zai ƙara lanƙwasa bawul. Zaro sandar baƙin mai: idan ya koma kamar shayi da madara, ko ruwan lagireto ya ragu bayan mota ta yi zafi jiya, gaskit ya ƙone. Wannan aikin bakanike ne. Sauke kayanka nan take ka nemi wata mota ta kai su kasuwa, sannan ka faɗa wa bakaniken abin da ka gwada da abin da ka gani, ka kuma nemi ya auna matsin kowace silinda kafin ya rubuta maka jerin kayan da za ka saya.