Fallout: Bindiga Ta Gyaru, Baki Ya Mutu

Tun da na gama kallon shirin Fallout da aka saki a Prime Video a watan Afrilun 2024, na kasa haƙuri sai da na koma kan gem ɗin da aka ciro labarin daga cikinsa. Na san fim da waƙa ne suka tara mu, amma ku yi min uzuri yau. Duk wanda Walton Goggins ya burge shi a matsayin ɗan kaboyin nan marar hanci, zai so ya san abin da 'yan gem suka shekara goma suna musu a kai.

Duniyar dai ita ce wadda kuka gani: Amurka bayan yaƙin nukiliya na 2077, gari ya zama kufai, rediyo kuma na ta sakin tsofaffin waƙoƙi irin na The Ink Spots kamar ba abin da ya faru. Matsalar gem ɗin ita ce yana son ya zama abu biyu a lokaci guda. Na farko gem na harbi, inda saurin yatsanka ne komai. Na biyu gem da kai za ka ƙera jaruminka, ka raba masa maki a kan ƙarfi, basira, farin jini, sa'a da sauransu, sannan duniya ta bi da kai gwargwadon yadda ka ƙera shi. To idan ka danna kunama, wa ya yi harbin? Kai, ko jarumin da ka hana makin bindiga?

A Fallout 3 na 2008, jarumin ne ke rinjaye. Sai ka saita kan ƙato daidai, harsashi ya kauce saboda makinka bai kai ba. Abin haushi wallahi. Shi ya sa kowa ya dogara da V.A.T.S., tsarin da ke tsayar da lokaci ka zaɓi kai ko ƙafa, kwamfuta ta yi maka lissafi. Da Fallout 4 ya fito a 2015, Bethesda ta gyara wannan sosai. Bindiga ta yi nauyi a hannu, harsashi na zuwa inda ka nufa, V.A.T.S. ma ya daina tsayar da lokaci, sai dai ya rage masa gudu.

Amma an gyara goshi an ɓata ƙeya. An cire makin ƙwarewa irin su magana, likitanci da kimiyya, aka narka su cikin wasu abubuwa. Hira ta koma zaɓi huɗu kacal, kowanne 'yan kalmomi, ba ka san ainihin abin da jarumin zai faɗa ba sai ya buɗe baki. Sau da yawa kuma duk hanya ɗaya suke kai ka: e, e da gatse, tambaya, ko a'a wadda daga baya za ta koma e. An kuma riga an rubuta maka ko kai waye, uba ko uwa mai neman ɗanta Shaun. Idan ka iso gaban Kellogg, wanda ya sace yaron, komai daɗin bakinka sai an yi faɗa.

Ku kwatanta da New Vegas na 2010, wanda Obsidian ta yi. Harbinsa ba wani abin yabo ba ne, na yarda. Amma a yaƙin ƙarshe a madatsar ruwa ta Hoover, idan ka cika makin magana zuwa 100, za ka iya tsayawa gaban Lanius, babban kwamandan Legion, ka nuna masa cewa ko ya ci yamma ba zai iya riƙe ta ba, ya juya da rundunarsa ba tare da ka taɓa shi ba. Ranar da na fara yin haka sai da na ajiye abin bugawa na yi shiru. Tun a Fallout na farko, 1997, ana iya gamawa da babban mugun da hujja kawai. Kamar dai bos ɗin fim ne ya sha kaye a muhawara, kuma ka ji ya fi duka zafi.

A ganina gyaran ba mai wuya ba ne. A bar harsashi ya tafi inda ɗan wasa ya saita, kar a sake taɓa wannan. Maki kuma ya yi aiki a kan jikin jarumi: wanda bai iya bindiga ba hannunsa ya riƙa rawa, ya daɗe wajen ɗura harsashi, babbar bindiga ta fi ƙarfinsa. New Vegas ya yi irin wannan da ya sa wa makamai sharaɗin ƙarfi. Haka nan a daina ƙara wa abokan gaba jini don kawai ka girma. Ɗan fashi da tsumma a jiki ya shanye harsashi ashirin a ka? Haba. Sulke ne ya kamata ya bambanta su, kai kuma ka nemo harsashi mai huda sulke.

Bangaren baki shi ne babba. A dawo da cikakken jerin abin da za ka faɗa, a sa kowace ƙwarewa ta buɗe ƙofarta: likita ya gano ƙarya daga rauni, makanike ya gyara injin da wani zai kashe mutum biyar a kansa. Bethesda ta san da haka, don a Far Harbor na 2016 ta ƙara zaɓi masu nauyi, a 2020 kuma ta dawo da jerin hira a Fallout 76.

Zangon farko na shirin ya ƙare ne da hangen birnin New Vegas daga nesa. Ni dai na sake ɗora gem ɗin, wannan karon da jarumi mai baki kamar reza wanda ko kaza ba zai iya harba ba, kuma har yanzu yana raye.