In ruwa ya ɗauke, me hatsi yake yi?

Ƙasar Gaya ta fi sauran sassan Nijar samun ruwan sama. A shekara mai kyau, ana samun wajen milimita 800. Duk da haka, manoman Yelu sun san fari na tsakiyar damina. Ruwa ya kan ɗauke kwana 10 ko 15. Da rana tsaka, sai ganyen hatsi ya naɗe, ya yi yaushi. Wani manomi ya kan fidda rai, ya ce gona ta mutu. Sau da yawa ba ta mutu ba. Shuka ce take kare kanta.

Jikin shuka an gina shi da ƙananan ɗakuna, kamar saƙar zuma. Ido ba ya ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu. A cikin kowane ɗaki akwai zaruruwa masu siriri ƙwarai. Sai an jera kamar 3000 kafin su kai kaurin gashin kai guda. A shekarar 1963 ne wasu masana biyu na Amurka, Ledbetter da Porter, suka bayyana irin waɗannan zaruruwa cikin tsirrai. Aikinsu kamar na tsaiko da tanka ne a rufin ɗaki. Bambancin kawai, su ba su zama wuri ɗaya. Shuka tana kwance su, ta sake ɗaura su yadda take bukata.

A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi, dubbai. Ta nan iska take shiga, shuka ta haɗa abincinta. Ta nan kuma ruwa yake fita. In ƙasa ta bushe, saƙo ya kan iso ganye. Zaruruwan da ke cikin ɗakuna biyu masu tsaron ƙofa sai su sake tsari, ɗakunan su saki ruwa, ƙofa ta rufe. Ganye kuma ya naɗe don rana ta rage dukansa. A ƙarƙashin ƙasa, zaruruwan ne suke nuna wa ɗakunan saiwa su yi tsawo maimakon faɗi. Shi ya sa saiwa take ci gaba da nutsewa neman laima, ko da kara ya tsaya da girma.

Amma ƙofa a rufe, babu abinci. Hatsi ƙarami yana jure wannan, ruwa na dawowa sai ya farfaɗo. Lokacin da ya yi ciki ko ya fidda kai yana bununi, nan ne fari yake rage damma. Manomi ya duba gonarsa da asuba, ba da azahar ba. In ganye ya buɗe da safe, shuka tana da rai, kada a yi gaggawar sake shuka. In ya kwana a naɗe, ƙishirwa ta yi tsanani.

Gishiri ma haka yake yi. Mutanen Dallol Foga, inda ake dafa gishiri tun kaka da kakanni, sun san wuraren da ƙasa take fari fat, shuka ba ta yi. Gishiri yana hana saiwa shan ruwa ko da ƙasa a jiƙe take. Masana sun gwada da wata ƴar ciyawa: gishiri ya tsinke zaruruwan, tsiron da ya iya sake ɗaura su ya rayu.

Takin zamani shi ma dangin gishiri ne. Wanda ya zuba shi a busasshiyar ƙasa, ya ƙara wa hatsinsa ƙishirwa da kuɗinsa. A jira a yi ruwa tukuna. Kafin nan a nome ciyawa, don ita ma ruwan gonar take sha. Inda aka bar kara ko takin gida a kan ƙasa, laima ta fi daɗewa.